Karammiskin Hajiya Tasalla

Sabon Birni,
Watan Safar, 1984

Zuwa ga Kawu Jibrilla, Kaduna.

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kana lafiya, kai da Inna Rahmatu. In ba ka gane mai rubutu ba, Zulaihatu ce, ɗiyar marigayiya Kande ta garin Isa. Kakata da mahaifinka ciki ɗaya sunka fito. Rabona da kai tun ranar da anka kawo ni Sabon Birni gidan Illo.

Mu dai lafiya lau muke, ni da Illo da yara, sai godiya. Damina ce ba ta yi ba. Gero ya kai gwiwa ya tsaya nan, ya bushe a tsaye. Abin da Illo ya samu bai rufe gindin rumbu ba. Rijiyar unguwarmu ta ƙafe, sai gulbi muke zuwa mu tona yashi, mu jira ruwa shi tsattsafo. Saniya mun sayar, jaki kaɗai ya rage. Illo ya fara maganar mu kwashe mu bi wansa Kontagora, kamar yadda gidaje da yawa sunka yi. Ni kuwa, Kawu, ba ni son tashi.

Ga dalilin wasiƙata. Akwai wata Hajiya Tasalla nan garin, matar wani marigayi mai fataucin goro. Kowace shekara tana tara mata karatun Mauludi gidanta a ƙarshen wata. Mai yi mata wanki ya tafi kudu, sai ta kira ni ta nuna mani labulayen gidan. Ta ce in na gyara su ta ji daɗi, wankin gidanta duka nawa ne har damina, kuma da hatsi za ta riƙa sallamata.

Na amsa ne da baki kawai. Ban taɓa wanke abin da ya wuce zane da riga ba. Akwai na leshi farare a tagogi, hayaƙin turaren wuta da na fitila ya mai da su kamar kunun kanwa. Akwai na auduga masu furanni. Sannan akwai wasu biyu na jan karammiski a ƙofar falo, mijinta ya kawo su daga Makka, ruwa bai taɓa taɓa su ba.

An ce mani wankin babban otal kake yi shekara da shekaru. Don Allah ka koya mani yadda kuke yi, ka tuna kuma ruwanmu na tulu ne. Ka ba Kalilu direba amsa, shi ne ya kawo maka wagga.

Ni ce ɗiyarka,
Zulaihatu

Kaduna,
Ƙarshen Safar

Zuwa ga ɗiyata Zulaihatu.

Wa alaikumus salam. Ƙaƙa za ni kasa gane ɗiyar Kande? Rubutunki ma ya karkata hagu irin nata. Muna lafiya, sai gwiwa da ke yi mani ciwo in na daɗe tsaye. Labarin gida ya hana ni cin tuwo. Ruwan da muke zubarwa cikin kwata a wurin aikinmu rana guda, da za shi ishi unguwarku wata. Allah shi kawo sauƙi.

To, ki saurara. Rabin wankin labule ba da ruwa ake yinsa ba. Kafin ki sauke shi, ki ɗauki igiya ki auna tsawonsa, ki ƙulla, don ki san in ya tsuke. Ki cire ƙugiyoyi duka, in ba haka ba tsatsa za ta yi maki zane. Ki rataya shi a inuwa ki kakkaɓe da sanda mai laushi har ƙura ta daina tashi. Wanda ya jiƙa labule da ƙurarsa, taɓo ya kwaɓa.

Ruwan gulbi kuwa ki bar shi cikin tulu shi kwanta, ki tace da tsumma. Kafin ki tsoma kowane labule, ki jiƙa farin ƙyalle ki taɓa can cikin kalmasa inda ido ba ya gani. In launi ya biyo ƙyallen, wannan mai zuba ne, shi kaɗai za a wanke shi.

Ki fara da na leshi. Ruwan sanyi, sabulu mai laushi, ban da kanwa. Ki kaɗa kumfa tukuna sannan ki tsoma. Ki riƙa tsomawa kina ɗagawa, kada ki murza, leshi ba ya son faɗa. Ɗauraya ta ƙarshe ki ɗiga bula, shuɗin wanki, kaɗan. Ruwan da kinka ɗauraye leshi, shi za ki wanke na auduga da shi, ba za ki yi asarar ko moɗa ba. Kada ki murɗe labule don matsewa. Ki naɗe shi cikin tsohon zane mai tsabta, zanen shi shanye ruwan. Shanya a inuwa, rana tana cin launi. In ya kusa bushewa ki mai da shi tagarsa da sauran laima, nauyinsa za shi miƙar da shi. Na auduga ki goge ta baya.

Nan wurinmu akwai manyan tukwanen tururi, amma ke hannunki ya isa. Takarda ta ƙare, bari in taƙaita. Shi karammiski ba a cuɗa shi, ba a matse shi, ba a sa mashi dutsen guga. Dafa shi ake yi a hankali, kaɗan kaɗan, har dauɗar ta fito.

Ki gai da Illo, ki ce shi ƙara haƙuri.

Kawunki,
Jibrilla

Sabon Birni,
Farkon watan Mauludi

Kawu,

Ina gaishe ka, ina gai da Inna Rahmatu, Allah shi ba ka lafiyar gwiwa. Mu jikinmu lafiya. Zuciyata ce ba lafiya.

Duk abin da ka faɗa na yi. Na leshi sun fito fes, har Hajiya ta sa hannu ta shafa, ta ce ta manta haka suke. Na auduga ma sun yi kyau. Ruwa kuwa bai kai rabin abin da na ji tsoro ba.

Sai na zo kan karammiski. Na karanta layinka har sau nawa. Na ce a raina, abu mai tsada haka a dafa shi? Amma ka ambaci tukwanenku, na ce Kawu ya fi ni sani. Na ari babbar tukunyar biki, Illo ya ba ni itacen da ya ɓoye, na aza ruwa. Ka ce a hankali, don haka ban cika wuta ba. Na sa guda ɗaya.

Kawu, kafin in juya, ruwan ya koma zoɓo. Da na tsamo shi ya bushe, jan ya gudu, ya zama kamar ruwan goro. Gashinsa ya kwanta ya cukurkuɗe. Na kawo igiyar awo, ya ɗage fiye da taƙi guda.

Ban ɓoye ba, na naɗe na kai mata. Ta buɗe ta daɗe tana dubawa. Ta ce, "Zulai, wanki na ce ki yi mani, ban ce ki yi miya da shi ba." Na durƙusa na ce ta yi mani aikin gafara. Ta ce, "Alhaji da kansa ya saɓo shi a kafaɗa daga filin jirgi. Tashi ki tafi gida." Ba ta ɗaga murya ba, da ma ta zage ni da ya fi mani sauƙi.

Illo bai yi mani faɗa ba. Ya ce wata ƙila alama ce abincinmu ya ƙare a garin nan. Ya fara neman mai sayen jaki.

Ba ina ɗora maka laifi ba ne, Kawu. Amma ƙaƙa ku kuke dafa naku ba ya lalacewa? Mi na rage? Ka amsa mani da gaggawa.

Zulaihatu

Sabon Birni,
Tsakiyar watan Mauludi

Zuwa ga Kawu Jibrilla.

Assalamu alaikum. Ina fatan lafiya ce ta sa shiru. Kullum na ji ƙarar babbar mota sai in leƙa, ba Kalilu ba labarinsa. Wannan ma ƙanensa na ba, ya ce za shi neme shi a hanyar Ƙaura. In maganata ta wancan karo ta yi maka zafi, ka yafe mani, cikin kuka na rubuta ta.

Ga abin da ya faru. Mun riga mun fara ɗaure kaya. Ina tsakar gida ina jera ƙwarya cikin buhu, sai na ji sallama. Hajiya Tasalla ce da ƙafarta, da sandarta, ita da ba ta zuwa gidan kowa sai gaisuwar mutuwa. Na shimfiɗa mata tabarma, na kawo ruwa. Ta sha, ta dubi buhunan, ta ce, "Ina za ku?" Na ce Kontagora. Ta ce, "Wa kinka bar ma wankina?"

Ba ta jira amsata ba. Ta ce, "Na sa an rataya labulen nan kusa da ɗan'uwansa. Kwana da kwanaki ina zaune ina dubansu. Ɗaya ja, ɗaya koɗaɗɗe, ɗaya dogo, ɗaya gajere, sai ka ce ni da Alhaji a hoton Makka. Farko na yi kuka. Jiya kuwa dariya ta kama ni ni kaɗai." Sannan ta buga sanda ƙasa ta ce, "Tagwaye ne. Abin da ya sami Hassan, shi sami Husaini. Gobe ki zo ki dafa ɗayan."

Na ce, "Hajiya, ki bari in ji daga kawuna." Ta ce, "Kawunki ne za shi zauna cikin falona ran Mauludi?"

Haka anka yi. A tsakar gidanta munka aza tukunya, ita da kanta ke tura itace tana cewa, "Ƙara wuta, wancan ya fi wanga dahuwa." Matan gidan suna ta dariya har da riƙe ciki. Yanzu sun zama launi ɗaya, tsawo ɗaya. Tela ya warware kalmasar ƙasa, sun sauko sun kusa taɓa daɓe. Gashin ne dai har yau a kwance, kamar akuyar da ta faɗa rijiya.

Da za ni tafi ta sa anka auna mani gero, ta ce wannan na leshi ne. Illo ya kwance kaya, amma bai kwance duka ba. Ya ce bari shi ga ƙarshen Mauludi tukuna.

Ka rubuto, Kawu, ko layi ɗaya ne.

Ɗiyarka,
Zulaihatu

Kaduna,
Watan Mauludi

Ɗiyata Zulaihatu,

Wa alaikumus salam. Lafiya lau nike, ba fushi ba ciwo. Motar Kalilu ce ta lalace a Ƙaura, da ta tashi kuma anka ɗauke shi jigilar hatsin agaji. Wasiƙunki biyu tare sunka iso hannuna yau da hantsi.

Da na karanta ta farko, sai na zauna bakin gado na riƙe kai. Zulai, dafawa ta hannu nike nufi! Irin yadda ake dafa kafaɗar mutum, ko tsoho shi dafa bango shi tashi. A jiƙa farin tsumma da kumfa, a matse, a riƙa dafa wurin dauɗa a hankali, tsumman na ɗauke ta. Ba dafuwar tukunya ba. A baki ba su kama da juna, a takarda kuwa ashe ba su da bambanci, ban taɓa lura ba sai yau. Innarki Rahmatu ta ce rowar takarda ta ja mani, da na ƙara falle ɗaya da duk haka ba ta faru ba. Gaskiyarta. Ke ba ki rage komai ba.

Har na fara sa takalmi in je in roƙi hutu in taho in ba Hajiya haƙuri da bakina. Rahmatu ta ce in buɗe ta biyun tukuna. Na karanta mata a bayyane. Da na kai wurin Hassan da Husaini, dariya ta sarƙe ni har maƙwabta sunka leƙo. Shekaruna cikin wanga aiki ban taɓa jin mai kaya ta tura wuta da kanta ba. Ki gaishe mani da ita gaisuwar girma.

Launi ya tafi, ba ya dawowa, kada ki wahalar da kanki. Gashin kuwa yana da magani. Ki bar labulen a rataye. Ki tafasa ruwa cikin butar shayi, ki tsaya ta bayansa, ki riƙa bin sa da tururin bakin butar, kada butar ta taɓa shi, kada ruwa shi ɗiga. Wata ta tsaya ta gaba da buroshi mai laushi tana taje gashin. Ku shafa da hannu ku ji inda ya fi santsi, can za ku bi, gefe ɗaya kawai. Kada ku yi sauri.

Na ba Kalilu buroshi irin namu, da fararen tsummoki, da sabulu sanda biyu. Wagga wasiƙa kuwa na karanta ta sau uku ina neman kalma mai fuska biyu. In kin ga wadda ta ba ki mamaki, kada ki aza tukunya sai kin tambaye ni.

Kawunki,
Jibrilla

Sabon Birni,
Bayan Mauludi

Kawu,

Gaisuwa da fatan alheri. Saƙo ya iso, Allah shi saka da alheri, shi bar zumunci. Na karanta ma Hajiya bayaninka. Ta dafa kafaɗata ta ce, "Wannan ke nan?" Na ce shi ke nan. Ta ce, "To, mun yi asarar itace."

Ni na riƙe buta, Maijidda matar ɗanta ta riƙe buroshi. Wuni guda munka yi. Kawu, kamar ciyawa ta ji raɓa, gashin ya riƙa tashi a gaban idonmu. Bai koma yadda yake ba, akwai wurare biyu da sunka ƙi, amma sai wanda ya sani za shi gani. Na nuna ma Hajiya su. Ta ce, "Bar su. Ni ma in Alhaji ya dawo yau, ba yadda ya bar ni za shi same ni ba."

Ran karatu falo ya cika har zaure. Wata baƙuwa daga Isa ta tambayi Hajiya inda ta sayi sabon labule mai ruwan goro. Hajiya ta ce, "Ba saye ba ne, girki ne." Ta nuna ni da sanda, ta ba da labarin duka, ni ina ta sunkuyar da kai. Na ɗauka kunya za ni sha. Ashe leshin tagogi matan ke kallo. Kafin a watse, gida uku sun ce in zo in duba nasu. Baƙuwar ma ta ce za ta aiko da nata cikin motar kasuwa.

Yanzu aikin ya fi ƙarfina ni kaɗai. Illo ya fasa sayar da jaki. Shi ke zuwa gulbi da jarkoki tun da sanyin safiya, shi ke kakkaɓar ƙura, don ya fi ni ƙarfin hannu. Abokansa na yi mashi ba'a wai ya zama ɗan wanki. Ya ce masu ɗan wanki da tuwo ya fi manomi da hamma. Ruwan ɗauraya na ƙarshe kuwa yana zuba ma wani zogale da ya dasa bayan ɗaki, har ya yi ganye muna sawa a kwaɗo.

Ba mu ƙoshi kamar da ba, amma ba wanda ke kwana da yunwa. Sauran buhunan ma an kwance.

Zulaihatu

Kaduna,
Watan Sha'aban, 1985

Ɗiyata,

Ina gaishe ku duka. Kwana biyu ban rubuto ba, aiki ne ya yi yawa, wasiƙunki kuwa duk suna isowa. Na ji daɗin yadda kinka fitar da tabon man gyaɗa da garin alli ba tare da kin tambaye ni ba. Haka ake yi, alli shi kwana a kai shi shanye man, a kakkaɓe. Kin fara wuce malaminki.

Gwiwata ta matsa. Ina tunanin in na ƙara shekara guda in ajiye aikin nan in dawo Isa. Da ina tsoron in dawo in zauna ba abin yi. Yanzu na ga ko a gida akwai labule. In kina son tsoho mai riƙe buta, ga ni.

Nan an fara ruwa. Ku fa, ko hadari na haɗuwa?

Kawunki,
Jibrilla

Sabon Birni,
Goman ƙarshe na Azumi

Zuwa ga Kawu Jibrilla.

Assalamu alaikum, barka da shan ruwa. Muna lafiya. Maganar dawowarka ta faranta muna rai, Illo ya ce ka zo ko gobe. Amma yau ba ita za ni ba ka labari ba.

Jiya ina gidan Hajiya, ana wankin Salla. Zafi kamar a gasa gurasa a ƙasa, ga ƙishin azumi. Na wanke na leshi da na auduga, na shanya su ƙarƙashin darbejiya, sun kusa bushewa. Hajiya na zaune bakin ƙofa da tazbaha. Tun farkon wata hadari ke haɗuwa gabas yana watsewa, har mun daina ɗaga kai.

Bayan la'asar sai iska ta juya. Na ji wani ƙamshi da na daɗe ban ji ba. Kafin in gane, ɗigo ya faɗo mani a hannu, wani ya faɗo a kwano ya yi ƙara. Sai ruwa ya kece kamar da bakin ƙwarya.

Na zabura na nufi igiya, ina kiran Maijidda ta zo mu kwashe, aikin wuni guda za shi lalace. Sai na ji muryar Hajiya ta fi ta ruwan ƙarfi: "Zulai! Kada ki taɓa su! Bar su su sha!"

Na juya, na gan ta tsakiyar gida ba sanda, ta buɗe hannuwa, ruwa na bin fuskarta. Duk matan gidan sunka fito. Muna da azumi, ba damar haɗiye ko ɗigo, sai munka rufe baki gam munka tsaya yana dukanmu. Wata na kuka, wata na dariya da baki rufe. Labulaye na ta kaɗawa a igiya, iska na watsa masu taɓo, ba wadda ta kula. A waje yara na ihu, maza na kabbara.

Har anka kira magariba bai tsaya ba. Da ruwan indararo munka buɗe baki.

Yau da safe na leƙa gidan. Labulayen duk sun yi jirwaye, sai an sake su daga farko. Hajiya ta ce ba gaggawa, ko bayan Salla ne, yau ba ranar wanki ba ce. Gaskiyarta, garin nan ba kowa cikin gida, duk an fita gona.

Za ni tsaya nan, Kawu. Illo ya yi gaba da sungumi tun asuba, ni ce mai bin sa da iri, ga shi har rana ta fara ɗagawa.

Ɗiyarka,
Zulaihatu